Damon Auta

Ni na buga kwanon, ba Baffa ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin a gidanmu duk sanda aka tuno zancen damon Auta sai a ce aikin Baffa ne, a yi dariya a wuce. Baffa wuƙa kawai ya riƙe. Wadda ta kira dabbar nan ta fito daga raminta ni ce, ina da shekara goma sha huɗu, da hankalina garau.

Ƙauyenmu yana kan hanyar da ta tashi daga Bici ta nufi Makoda, inda gona ke manne da gona, babu sauran daji ko na ɗaure akuya. Mu biyu ne a ɗakin Inna, ni da ƙanwata. An haifi uku a tsakaninmu ba su zauna ba, shi ya sa da ita ta tsaya gida duk ya ɗora ta a ka. Ba mai kiran sunanta, Auta kawai. Ga ta kuma da ciwon fuka tun tana goye. Hayaƙin murhu ya tayar mata, ƙurar sussuka ta tayar mata, sanyin ruwan sama ya tayar mata. In abin ya motsa, tun daga zaure kake jin ƙirjinta yana fito, ta zauna ta dafe gwiwa tana neman numfashi, idanu duk sun firfito.

Saboda haka Auta ba ta daka, ba ta hura wuta, ba ta shara, ba ta zuwa rijiya. To wa ke yi? Ni. In na buɗe baki Inna ta ce, “Ke ba kya tausayin ’yar’uwarki?” Ina tausayinta mana, amma ni ma wuyana ciwo yake saboda tulu, ba wanda ya taɓa tambayata. Kuma ni Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Har yau ban rabu da ita ba, yaran da nake koyarwa a firamare sun sani.

Baffa ƙanen Baba ne, ɗan acaɓa, lokacin bai yi aure ba. A bazarar shekarar ya sayi waya mai faɗin fuska, gilashinta a tsage. In ya kai ta caji a Bici, mai cajin kan tura masa finafinai. Yawanci na dambe ne da harbe-harbe, Baba ya hana a kunna su a cikin gida. Ran nan ya dawo bayan la’asar yana ta tsaki, wai mai caji ya raina masa hankali, katun ɗin yara ya tura masa. Ya ce, “Ku zo ku gani kafin in goge shirmen.”

Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya jingine wayar da buta. Fassararre ne, mutum ɗaya ke yin muryar kowa, ya yi ta tsohuwa, ya yi ta yarinya, ya yi ta dodo, wani lokacin har gyaran muryarsa ana ji. Labarin wani gari ne na masu ginin tukwane a gindin dutse, suna zaune cikin tsoron wasu dodanni masu fukafukai da ke hura wuta ta baki. Wata yarinya da ba a wasa da ita ta tsinci wani ƙaramin dodo a kogo, ’yan’uwansa sun yar da shi don wutarsa ba ta da ƙarfi. Ta riƙa kai masa abinci a ɓoye. In ta zo sai ta ƙwanƙwasa gindin tukunya sau uku, ya fito. Da mutanen gari suka gano suka taho da masu da kibau, yayar yarinyar ce ta sha gabansu ta buɗe hannuwa ta ce sai dai a fara ta kanta. Ƙarshe dai aka shirya, dodo ya zama shi ke gasa wa gari tukwane, yarinya ta hau bayansa suka tashi sama.

Ni rabi da rabi na kalla, ina tsinkar zogale. Kaka, mahaifiyar Baba, ta leƙo ta ce, “A’uzu billahi, aljanu ake nuna wa yara yanzu?” ta koma ɗaki. Auta kuwa ko ƙifta ido ba ta yi. Abin da ya kama ta numfashin dodon ne. In ya yunƙura zai hura wuta sai ya sarƙe, ya yi ta tari, ɗan hayaƙi ya fito. Ta juyo ta ce min, “Yaya, shi ma fuka gare shi.” Ni da Baffa muka tuntsire da dariya, ita ba ta yi ba.

Baffa bai samu ya goge fim ɗin ba. Kullum ya dawo tana bakin zaure tana jiransa, ta roƙe shi har ya gaji ya miƙa mata. Ta kalla har ta haddace, tana riga mai fassara faɗin magana.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, gida ya koma gona. Auta ba ta riƙe fartanya, sai a ajiye ta a inuwa a gefen gonar bayan gida, a ce ta zauna kar ta yi gudu. A lokacin na fara lura da ita tana yawo da wani tsohon kwanon sha da ya huje. Wata safiya na same ta tsugune a juji tana tonon taki da tsinke, tana tsince fararen tsutsotsin nan masu kauri tana zubawa a kwanon.

Na ce, “Ke, wace irin ƙazanta ce wannan?”

Ta ɓoye kwanon a bayanta. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta ce, “Zan nuna miki wani abu, amma ki ce wallahi ba za ki faɗa wa kowa ba.”

Na ce wallahi, har tallahi na ƙara mata don ta yi sauri.

A kan iyakar gonarmu akwai wani tsohon suri da gamba ta kewaye. Ba a son yara su je gindin suri, ana cewa gidan mutanen ɓoye ne, shi ya sa ba mai bi ta wurin. Can ta ja ni. Ta sa na tsugunna a bayanta, ta ce kar in motsa. Ta ɗauki ɗan kara ta buga gindin kwanon a hankali, sau uku, ta ajiye shi a bakin wani rami. Muka jira har ƙafata ta fara sanyi. Sai ga harshe ya leƙo, siriri mai baki biyu, sannan kai, sannan jiki duka. Damo ne, ƙato, ya kai tsawon hannun babban mutum, fatarsa kalar ƙasa mai kaushi, ƙarshen wutsiyarsa a gutsure. Ya tako a hankali ya sa kai a kwanon ya fara ci. Auta ta miƙa yatsa ɗaya tana shafa bayansa, bai ko ɗago ba.

Da ya hango ni sai ya kumbura wuya ya fara huci. Ta ce, “Ji, Yaya, ji numfashinsa. Irin nawa ne.”

Na ce, “Ke, damo ne fa. Damo, wanda ake ci.”

Ta ce, “A’a. Fukafukansa ne ba su fito ba tukuna, yaro ne.”

A hanyar komawa ta ba ni labarin yadda ta yi. Tun ruwan farko ta gan shi yana shan hantsi. Ta riƙa ajiye masa fara ta koma nesa, kullum ta ɗan matso, kullum ta buga kwano kafin ta ajiye, har ya gane. Yarinyar da muke cewa ba ta iya komai ba, ta yi sama da wata guda tana wannan aiki ita kaɗai. Tana magana tana haki don daɗi. Da muka zo bakin danga ta kama zanina ta ce, “Yaya, in suka zo da masu, ke ce za ki sha gabansu. Ke ce yayar.”

Na ce, “To, na ji.” Kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta yi min daɗi. Na riƙe mata sirrin nan kusan mako uku. Sau biyu na raka ta, har katantanwa na taɓa tsinto mata a bakin rijiya na ce ta kai wa dodonta.

Sai maganar ƙwai ta shigo. A wajenmu in ana son zabi, ba a bar wa zabuwa ƙwanta, don ba ta da haƙurin kwanci, sai a sa wa kaza ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe. Ina da kaza guda, kuma a damanar nan Kaka ta ba ni ƙwan zabi goma na sa mata. Ban taɓa mallakar wani abu nawa na kaina ba kafin su. Kullum da safe sai na ɗaga kazar na duba, tana saran hannuna ina jin daɗi. Sun yi sama da mako biyu, ranar nan na ɗaga ta na ga takwas. Ban tambayi kowa ba, kai tsaye na nufi suri. Ga ɓawon nan a bakin rami, da jini-jini a ciki, don ’ya’yan sun riga sun fara zama.

Wallahi ban san sanda na iso gida ba. Na faɗa ɗaki ina ihu, “Ina ɓarauniyar nan? Ina ƙwaina?” Ashe ruwan da ya doki Auta jiya da yamma ya tayar mata da ciwon, tana zaune an tokare ta da matashi, ƙirji yana ta fito. Inna ta tashi ta ɗauke ni da mari, irin wanda kunne ke ɗaukar ƙara. Ta ce, “A kan ƙwai biyu za ki kashe min yarinya? In ta ci ma ai jikinta ta sa wa. Fita ki ɗora sanwa!”

Da Inna ta fita ɗebo garwashi na koma na tsaya a kan Auta. Da ƙyar take haɗa magana. Ta ce, “Yaya, ruwa ya hana ni samun fara. Yunwa yake ji. Biyu kawai na ɗauka.” Na fita na ɗora sanwar, kuncina yana zafi.

Ciwon ya yi kwana uku. Baba ya kai ta asibiti a bayan babur ɗin Baffa aka yi mata allura, ya ɗan lafa, bai sake ta duka ba. A safiya ta uku ina daka a tsakar gida, Kaka tana zaune tana jan carbi, sai ta ce, “Da za a samu damo, da an huta. Romonsa da kitsensa, a zamaninmu shi ake ba mai fuka. Amma ina damo yanzu? An nome ko’ina.” Baffa yana wanke babur ya ce shi ko a kasuwa ya daɗe bai gani ba. Na ci gaba da dakana, ban ɗago ba.

Ba a jima ba Auta ta kira ni. Ta zaro kwanon daga ƙarƙashin tabarma ta miƙo min da hannu biyu. Ta ce, “Kwana uku bai ci ba. Ki tono masa tsutsa. Sau uku za ki buga, a hankali. Kar ki tsaya ta wajen rana, ba ya son inuwa ta faɗa masa.” Na karɓa. Har na kai bakin ƙofa ta ce, “Yaya, ki yafe min ƙwan.”

Na so a ce don lafiyarta na yi abin da na yi. Shekara da shekaru abin da nake faɗa wa kaina ke nan, kuma shi mutanen gida suka ɗauka. Ƙarya ne. Ɓawon ƙwan nan nake gani, da marin Inna, da tulun da nake ɗauka ni kaɗai. Maganar Kaka hanya kawai ta buɗe min. Na wuce juji na tono tsutsa, sannan na je na tsaya kusa da Baffa na ce, “Baffa, na san inda damo yake.”

Ya ɗauko fartanya da igiya da wata sanda mai baki biyu. Da muka isa ya fara naɗe hannun riga zai haƙa surin, na ce ba sai ya wahala ba, ya koma bayan gamba ya tsaya. Na duba inda rana take na kauce, kamar yadda Auta ta ce. Na tsugunna. Na buga gindin kwanon sau uku, a hankali.

Damon ya fito da sauri fiye da kullum, don yunwa. Ya ɗan tsaya yana fiddo harshe, ya gane ni, ya taɓa ganina tare da ita. Ya tako har gabana ya sa kai a kwanon. Baffa ya danne masa wuya da sandar. Damon ya yi ta bulala da wutsiya yana watsa ƙasa, Baffa ya taka wutsiyar, ya murɗe ƙafafunsa ya ɗaure su ta baya kamar yadda mafarauta ke yi. Damo ba ya kuka. Huci kawai yake yi, irin wanda ta ce nata ne, da tsutsa guda a bakinsa bai haɗiye ba.

Baffa ya dubi kwanon ya dube ni, sai ya gane. Ya ce, “Tabɗi! Ashe fim ɗin nan yarinyar ta kwaikwaya? Wannan ne dodon?” Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na taya shi.

A bayan danga ya yanka shi ya feɗe. Kaka ta ga kitsen ta yi ta hamdala, ta sa min albarka, ta ce yau na yi abin kai. Sannan ta tara mu ta ja kunne. Ta ce irin wannan magani ba a faɗa wa mai ciwo abin da ya sha, in aka faɗa ya karye, wahala ta tashi a banza. A ce mata zabo ne. A murhun Kaka aka dafa, ni na daka cittar da masoron da tafarnuwa.

Ina cikin dakan Auta ta ƙwalo min kira daga ɗaki. Na leƙa. Ta rage murya ta ce, “Ya ci?”

Na ce, “Ya ci.”

“Duka?”

“Tas.”

Ta lumshe ido tana murmushi.

Bayan azahar Inna ta kai mata a ɗan kwano, ta ce zabo ne Babanta ya sa aka yanka mata. Ta kwana uku ba ta cin abin kirki, ranar kuwa ta shanye romon, ta cinye naman, ta ce akwai daɗi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Da Inna ta juya, sai Auta ta buɗe min tafin hannunta. Ta ɓoye ’yar tsoka guda. Ta ce a hankali, “Wannan nasa ne, in na warke zan kai masa.”

Bayan kwana biyu ta miƙe. Ko allurar ce, ko romon, ko dai lokacin ciwon ne ya cika, Allah masani, amma Kaka ta bi gida-gida tana ba da labarin maganinta. Auta ta ɗauki kwano ta nufi suri. Na bi ta daga nesa da sunan tsinkar rama. Ta buga sau uku ta jira. Ta sake bugawa. Ta matsa ta canja wuri, ko inuwarta ce. Ta sa baki a ramin tana magana. Tun hantsi har aka kira azahar ina jin ƙarar kwanon nan daga cikin gero.

Kwana huɗu tana haka. Zuwa lokacin Baffa ya ba kowa labari, gida duk an sani ban da ita. In ta ɗauki kwano za ta fita sai a haɗa ido ana danne dariya. Inna ta ɗan ji ba daɗi, ta ce ko a hana ta zuwa, Kaka ta ce a bar ta, yaro ne, za ta manta. A rana ta huɗu Auta ta dawo fuskarta a sake, ta ja ni gefe ta ce, “Yaya, na gane. Fukafukansa ne suka fito, ya tafi koyon tashi. Zai dawo ya ɗauke ni.”

Kun ga nan Allah ya ba ni mafita. Yarinya ta samo wa kanta abin da za ta riƙe, ba abin da ake nema a wurina sai in ja bakina in yi shiru. Da na yi shirun, da ta girma ta gane da kanta a hankali, ko ta manta kamar yadda Kaka ta ce. Kwana ɗaya kawai na iya.

Washegari na dawo daga rijiya, zuwa na uku ke nan, wuyana kamar zai tsinke. Auta tana tsaye a tsakiyar ƙofar gida ta ɗaga kai tana kallon sama. Na ce ta kauce, ba ta ji ba. Na zo zan raɓa ta na yi tuntuɓe da dokin ƙofa, tulu ya faɗi ya tarwatse. Inna ta fito, ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta hau ni da faɗa, wai ni ba na duba gabana, saura kaɗan in fasa wa yarinya kai. Ta kama Auta tana duba ƙafarta ko tsingaro ya yanke ta. Ni ce jiƙe sharkaf, gwiwata tana jini.

Da Inna ta shige na ce, “Ke, sama kike kallo? Cikinki za ki kalla.”

Ta ce, “Me?”

Na ce, “Dodon naki. Zabon da kika sha romonsa kika ce akwai daɗi, shi ne. Har da ɓoye masa tsokar jikinsa! In kina musu je ki bayan ɗakin Baffa.”

Ta tafi, na bi ta don in gani. Fatar tana nan an kafe ta da ƙusa a jikin bango tana shan rana, ƙafafu huɗu a baje, ga wutsiyar nan mai gutsuren ƙarshe. Ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta yi ihu, ba ta yi ba. Ta durƙusa ta cusa yatsu a maƙogwaro tana kakarin amai, abin da ta ci kwana bakwai da suka wuce take son ta fitar. Ba abin da ya fito sai kunun safe. Ta goge baki, ta juyo tana haki ta ce, “Ba ya fitowa sai an buga. Wa ya buga masa?”

Na ce, “Ni.” Kuma da gadara na faɗa, har da riƙe ƙugu.

Ranar na sha duka wurin Kaka da kara, amma ba don damo ba, don na karya magani. Baba ya dawo daga gona ya ji abin da ake ciki ya ce, “Yanzu a kan ƙadangare ake wannan tashin hankali?” Ba wanda ya ce na ci amana, domin a gidan ba wanda ya ga wata amana a wurin. Kafin magariba ciwon ya dawo mata, ya fi na baya tsanani, sai da aka sake komawa asibiti. Da ta dawo Baffa ya kunno mata fim ɗin don ya lallashe ta, ya ajiye wayar a gefen matashinta. Ta juya fuska ta kalli bango. Ya ɗan jira, ya ɗauki wayarsa ya goge. ’Yan zabina takwas suka ƙyanƙyashe a makon, shirwa da sanyi suka kwashe shida.

Auta ba ta yi gaba da ni ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Tana gaishe ni, in na aike ta ta je, in na yi mata kitso ta ce an gode. Fukar ta riƙa raguwa da girma har ta zama sai jefi-jefi, Kaka ta rasu tana cewa ragowar albarkar romon ce. Na yi kwalejin ilimi a Bici na kama koyarwa, ita kuma ta yi aure wajen Shanono, tana ɗinki. Ranar sunan ’yarta ta fari na samu mun keɓe a ɗaki, na ce, “Auta, maganar damon nan, ki yafe min.” Ta yi dariya ta ce, “Haba Yaya, ai yarinta ce, ya wuce.” Na yarda, don ina son in yarda.

Bara da babbar Sallah muka haɗu a gida. ’Yar tata ta kai shekara biyar, mai surutu, kuma ta ɗauki son duniya ta ɗora min, Yaya take ce min kamar yadda ta ji uwarta na faɗa. Muna zaune a gindin darbejiyar nan ni da Auta muna yanka albasa, sai ga yarinyar ta sheƙo daga bayan rumbu, ido yana ƙyalli, ƙafa duk ƙasa. Ta kama hannuna tana ja ta ce, “Yaya, Yaya, taso in nuna miki wani abu! Amma ki ce wallahi ba za ki faɗa ba.”

Har na ajiye wuƙa na fara miƙewa. Auta ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba. Ta miƙa hannu ta zare yatsun yarinyar daga nawa, ta jawo ta jikinta ta ce, “Zo nan. Ba a nuna wa Yaya.”

Yarinyar ta ce, “Don me?”

Ta ce, “Ba a nuna mata dai. Bari in gama mu je ki nuna min.”

Sannan ta turo min tiren ta ce, “Yaya, duba ko albasar nan ta isa.” Na ce ta isa. Ta wanke hannu, ta riƙe ’yarta suka zagaya bayan rumbu, ina jin su suna ƙus-ƙus suna dariya. Kwana uku suka yi a gida, har suka koma ban san abin da yarinyar ta samu a wurin ba.